Talata: ƙurjin da ya yi zurfi a wuya

Yau da safe aka kawo wani magidanci, ƙasan muƙamuƙinsa na dama ya kumbura ya yi tauri, bakinsa ba ya buɗuwa ko yatsa biyu su shiga, yawu na zuba. Mafarin abin matauni ne na ƙasa da ya ruɓe. A manya galibi irin wannan ƙurji daga haƙori yake tasowa, a yara kuwa daga maƙogwaro.

Kafin a yi zancen mugunya, numfashi muka fara dubawa. Mai irin wannan kumburi ba a kwantar da shi rigingine, ba a kuma yi masa allurar barci sai an tanadi kayan huda maƙoshi a kusa, don harshe kan koma baya ya toshe hanya. Muka ɗaura masa magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ceftriaxone giram 2 a rana da metronidazole miligiram 500 kowane awa takwas, muka auna suga. Ya hau sosai, shi kuma bai san yana da ciwon ba.

Hoton CT, mai nuna cikin jiki dalla-dalla, shi ya raba gardamar ko a zuƙe ko a tsaga. Da ƙurjin ɗaki ɗaya ne, bai kai santimita 3 ba, numfashi kuma lafiya, da an zuƙe shi da sirinji ana kallo ta sikanin, a jira awa 48. Ba tabo, sai dai yakan sake taruwa in mugunyar ta yi kauri. Nasa ɗaki-ɗaki ne, ya fara gangarowa, sai wuƙa.

Aka tsaga bisa layin fata, faɗin yatsa biyu ƙasa da ƙashin muƙamuƙi. In aka hau sama da haka za a iya taɓa jijiyar da ke motsa leɓen ƙasa, baki ya karkace. Daga nan ba a ƙara yanka, da bakin almakashi marar kaifi ake buɗawa, a sa yatsa a farfasa ɗakunan, domin babbar jijiyar jini na nan dab. Aka wanke da ruwan gishiri, aka bar robar tsiyaya, aka cire haƙorin a zama ɗaya. In an bar shi, ƙurjin dawowa zai yi. Mugunyar mun tura awo, har da na tarin fuka.

Ƙaninsa ya ce saura kaɗan su kai shi a yi masa sakiya. Gabana ya faɗi, domin ƙarfen ba zai isa inda mugunyar take ba, jijiyar jini kuwa zai iya samu. Gobe za mu duba ƙirjinsa, tunda ta bayan maƙogwaro mugunya kan sauka har can.