Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Takardar da Ta Mutu Ranar Alhamis

Makon jiya na tsaya inda kwantena uku suka iso Maraɗi daga tashar Kwatano, cike da ƙananan motocin ɗaukar kaya 'yan Chaina, gunduwa-gunduwa. Ƙarshen 2009 ke nan.

Alhaji (ba zan ambaci sunansa ba, iyalinsa na nan da rai) ya ɗauke ni ne don na koyi aiki wajen wani tsohon bakanike da ya yi zamani a masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1975. Burinsa kullum a ce 504 ta Kaduna ta yi ƙanwa a Katsinar Maraɗi. Mu goma sha biyu ne a wani tsohon sito na gyaɗa, kan hanyar Ɗan Isa. Inji da giya a haɗe suke zuwa; namu ɗaura bodi, jan waya da fenti. A gaskiya haɗa mota ya fi ƙarfin abin da muke yi, amma wa zai faɗa wa Alhaji?

Ribar duka tana cikin takarda guda, ta sassaucin kuɗin duwan. Kowa ya san yadda aka samo ta. Lokacin tazarcen Shugaba Tandja, kafin ƙuri'ar raba-gardama ta 4 ga Agusta 2009, Alhaji shi ya ɗinka wa mata atamfa, shi ya zuba wa motocin gangami mai.

Na taɓa ce masa, "Alhaji, ranka ya daɗe, in mai sa hannun ya tashi fa?"

Ya yi dariya. "Ɗana, kai dai riƙe sufana. Gwamnati tamu ce."

Ranar Alhamis 18 ga Fabrairu 2010, ina ƙarƙashin mota ta tara, yaron shago ya shigo da rediyo a hannu: sojoji sun kama Tandja a Yamai. Alhaji bai ce uffan ba. Ya nemi buta, ya yi alwala, alhali la'asar da saura.

Ba a yi wata biyu ba masu bincike suka zo. Suka ƙirga motoci, suka garƙame sito, suka ce kayan da aka shigar da sunan na masana'anta motoci ne cikakku da aka kwance. Abokan siyasa kuwa, wayoyinsu duk a kashe.

Da aka buɗe takardun karɓar kaya, sa hannun da ke ƙasa ba na Alhaji ba ne. Nawa ne.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu: kwanana sha ɗaya a gidan kaso, da abin da Hajiya ta aiko mini cikin kwanon tuwo.