Ku yanki reshe kafin a sare bishiyar

Duk wanda ya san Jos a da, in ya zaga Rayfield ko Bukuru ko tsohon GRA yanzu, zai ga abin da ake yi wa tsofaffin gidaje. A sayar, a rushe, a share filin ƙaf, bayan wata shida ka tarar da gidan mai ko jerin shaguna. Ni ba ginin ne ke ci min rai ba, itatuwan da ke bayansa ne. Garin nan yana bisa tudu kusan mita 1,200, shi ya sa sanyinsa ke karɓar abubuwan da ke wahala a Kano ko Sakkwato. A bayan irin waɗannan gidaje na sha cin karo da ɓauren ƙasashen Larabawa, wato tin, wanda aka yi rantsuwa da shi a sura ta 95 cikin Alƙur'ani. In ka tambayi wanda ya shuka, wani ya ce Baturen kuza ne, wani ya ce Kwara ne, wato ɗan Labanon, mai kanti, wani ya ce wani alhaji ne ya zo da shi. Sunan irin kuwa ba wanda ya sani. Ƙannena masu sha'awar shuka, da ku nake, domin in injin yanka ya riga ku zuwa gindin irin wannan bishiya, babu kasuwar da za ku sayo wata.

Ku fara da sanin cewa ƙwaya ba za ta ba ku abin da kuke nema ba. Na taɓa samun busasshen tin cikin tsarabar Hajji, na jiƙa shi, na tace ƙwayoyin na shuka. Suka tsiro da kyau, na yi shekaru ina ɗura musu taki, amma duk ɗan da ya fito sai ya yi rawaya ya zube tun yana ƙarami. Daga baya na gane dalili. Yawancin busasshen tin na kasuwa daga Turkiyya yake, ƙasar da ta fi kowace noma shi, kuma irin nasu ba ya nuna sai wani ɗan mitsitsin ƙwaro ya shiga ta idon ɗan ya kai masa garin fure daga namijin bishiya. Ƙwaron na yankin Bahar Rum ne. Manoman Kalifoniya a Amurka sun sha wannan wahalar, itatuwansu suna ta zubar da 'ya'ya, sai da aka kai musu ƙwaron a 1899. Ƙwarin da ke cikin ɓaurenmu na daji, waɗanda saboda su ake ce mana tun muna yara in za ka ci ɓaure kada ka tona cikinsa, ba sa yi wa tin wannan aiki, kusan kowane jinsi da nasa ƙwaron. Sannan abin da ya tsiro daga ƙwaya ba ya ɗauko uwarsa sak, da yawa ma maza suke fitowa, 'ya'yansu ba sa ciwuwa.

To ku duba darajar tsohuwar bishiyar da ke nuna 'ya'ya a Jos shekara da shekaru ba tare da ƙwaron nan ba. Ta riga ta ci jarrabawar daminarmu da hunturunmu. Reshenta kuwa in ya kama, ita ce da kanta, ba 'yarta ba. Da haka ɗan Adam ya riƙe wannan itace tun fil azal: a wani kufai kusa da garin Jariko na Falasɗinu masu tonon tarihi sun sami tin mai kimanin shekara 11,400, irin wanda ba ya yin ƙwaya mai tsirowa, sai dai a dasa reshensa.

Kada ku yanki komai sai kun yi sallama. Akwai wata bishiya da rassanta suka leƙo ta saman katangar wani gida a hanyar Bukuru. Na riƙa fizgar kan rassan ina wucewa da sauri, ɗanyu shataf, ba ɗaya da ya kama. Ranar da na daure na ƙwanƙwasa ƙofa, wani dattijo mai gadi ya fito. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, don Allah reshen ɓauren nan nake roƙo." Ya dube ni ya ce, "Ashe kai ne mai karya min itace. Ɗana, ai ba wannan ake dasawa ba." Ya ja ni bayan gida ya nuna min rassan bara da suka yi toka-toka, ya yanko min da kansa. Muna tsaye ya gaya min cewa a bazara take nuna 'ya'yan da suka fi zaƙi, na tsakiyar damina lami ne, kuma an taɓa sare ta har ƙasa ta sake tofowa. Wannan bayani ba za ku same shi a waya ba, kuma masu shi tsofaffi ne. Ku tafi da goro ko ɗan abin shan ruwa, ku zauna, ku tambaya: wa ya shuka, tun yaushe, wane wata take nuna, tsuntsaye na damunta? Ku rubuta a littafi ranar, kada ku ce za ku tuna.

Reshen da ake so shi ne mai kaurin ɗan yatsa, tsawonsa kamar santimita 20 zuwa 25, mai gaɓa uku ko huɗu. Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen hunturu, Janairu zuwa Fabrairu, sa'ad da bishiyar ta kakkaɓe ganye. Ku yanka ƙasan a miƙe dab da gaɓa, saman a karkace, don kada ku juya shi ƙasa ta koma sama. Farin ruwan da ke fita daga yankan yana ƙona fata, musamman in rana ta taɓa wurin, saboda haka ku wanke hannu. A zuba yashi mai tsakuwa a gauraya da ɗan ruɓaɓɓen taki cikin leda mai huji, a binne gaɓa biyu, a ajiye a inuwa.

Ruwa ne ya kashe min rassa fiye da komai. Safe da yamma nake ba su, don ina ganin kulawa ke nan. Sai ka ga reshe ya fito da ganye kore shar, kana murna, bayan mako biyu ya langaɓe. Ka zaro shi, ƙasan ya yi baƙi, ɓawon yana saɓulewa a yatsa, yana wari, ko saiwa ɗaya babu. Ganyen farko ba shaida ba ne, abincin da ke cikin reshen ne yake ci. Ku tura yatsa cikin yashin, in da damshi ku ƙyale shi. Kuma ku daina zaro shi kuna dubawa. Saiwa takan ɗauki mako uku zuwa shida, a sanyin Jos har ta fi haka, kuma in ledar fara ce za ku hango ta da kanku. In bishiyar ta tsufa ƙwarai, ko mai ita ya ce reshe ɗaya tak zai bayar, to kada ku yi caca da shi. Ku ɓare zoben ɓawo a jikin reshen yana kan uwarsa, ku naɗe wurin da ƙasa mai damshi da leda, ku ɗaure sama da ƙasa. In saiwa ta cika ledar sai a yanke.

Maganar suna kuma, ku yi a hankali. Na ga hoton ganye a intanet, na ce ai nawa ke nan, na laƙaba masa sunan wani iri na Turawa, na raba wa mutane da wannan sunan. Da ya yi 'ya'ya, ashe ko kusa ba shi ba ne, amma sunan ya riga ya bi gari. Ganyen tin maƙaryaci ne: a bishiya ɗaya za ka ga mai yatsu uku, mai biyar, da wanda bai rabu ba sam. Ɗan ake dubawa, launin bayansa, launin cikinsa, da idonsa, ko a buɗe yake ko a rufe. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a wurinmu, domin ruwan Yuli da Agusta da ƙananan ƙwari suna shiga ta buɗaɗɗen ido su tsamar da ɗan tun yana sama. Wani masani a Kalifoniya, Ira Condit, ya tattara bayanin iri fiye da 700 a 1955, kuma da yawansu suna da sunaye barkatai a ƙasashe daban-daban. Masana ma suna ruɗewa, balle mu. Ku kira shi da inda kuka samo shi, misali "baƙi na hanyar Bukuru", ku rubuta a jikin ledar da fenti, don biro yana gogewa a damina ɗaya.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne rowa. Na samu wani farin tin mai jan ciki a wani kango, na dasa ɗaya ya kama. Abokai suka roƙa, na ce su bari ya ƙara girma, alhali so nake a ce ni kaɗai ke da shi. Aka sayar da kangon, aka tumɓuke uwar. Na yi tafiya a rani, na dawo na tarar gara ta cinye nawa tun daga saiwa. Na koma wurin ko zan sami toho, sai siminti. Wancan na hanyar Bukuru kuwa, da yake na raba shi hannu-hannu, yau yana gidaje da dama, kuma da nawa ya mutu daga wurin wata 'yar'uwata na karɓo wani. Saboda haka da zarar naku ya kai a yanka, ku raba, kuma ku raba nesa da juna: wani a Naraguta, wani a Vom, wani ya tafi da shi Abuja inda zafi ya fi, a ga yadda zai yi. Ku ba mutum reshe tare da labarinsa a rubuce. Reshe tsura za ku bayar, ba da ƙasar gindi ba, domin akwai wasu tsutsotsi da ido ba ya gani masu sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu, a ƙasa suke tafiya. In kuma ganyen uwar ya yi dabbare-dabbaren rawaya ya murɗe, ku faɗa wa mai karɓa, cutar tana bin reshe.

Kada son na waje ya sa ku raina namu. Ɓaure, cediya, durumi da gamji duk dangi ɗaya ne da tin, dangin da ke da jinsi fiye da 750 a duniya. Unguwa guda a Abuja Durumi ake ce mata, Sardauna kuma da gamji ake yi masa kirari. Kakanninmu ba su jira leda ba: su sari ƙaton reshen cediya ko durumi a farkon damina su kafa a ƙofar gida, bayan 'yan shekaru ya zama wurin zaman dattawa. In kun ji za a sare tsohuwar cediyar unguwa don faɗaɗa hanya, ku je da adda ku roƙi reshe mai kaurin damtse, tsawon mutum, ku kafa a filin makaranta ko na masallaci ko na coci, ku kewaye da ƙaya saboda awaki. Amma ku nisanta shi da gini da rijiya da ramin salga, aƙalla taku goma sha biyar, domin saiwar waɗannan tana bin ruwa, tana tsaga katanga. Tin shi ba ya kai su ɓarna, taku huɗu ko biyar daga bango ya ishe shi, a gefen da rana ta fi daɗewa.