Bashin KTM da masu babur a Kumasi

Da labarin ya iso unguwar Aboabo cewa kamfanin babura na KTM na ƙasar Ostiriya ya kai kansa kotu a watan Nuwamban 2024 domin a sake tsara basussukansa, bakaniken da nake kai wa babur ɗina ya yi dariya, ya ce wannan damuwar masu kuɗi ce, tunda da wuya ka ga KTM a titin Asawase. Ni ban yarda da shi ba.

Kamfanin ya ƙera babura fiye da abin da kasuwa za ta ɗauka bayan cinikin lokacin korona ya lafa, suka taru a hannun dillalai, har aka dakatar da aiki a masana'antarsa da ke garin Mattighofen. A watan Fabrairun 2025 masu bin bashi suka amince da karɓar kashi 30 cikin ɗari na kuɗinsu, kuma wanda ya kawo kuɗin ceton shi ne Bajaj na Indiya, wato mai ƙera Boxer ɗin da 'yan okada ke neman abinci da shi a nan.

Mai babur ɗin KTM shi ne a tsaka mai wuya, domin kayan gyaransa dama can ba a cika samunsu a Suwame, kasuwar kayan gyara ta Kumasi, ba sai an yi odarsu daga waje, kuma babur ɗin da ake shakkar kayansa yakan faɗi daraja ranar sayarwa. Mai Boxer kuwa kayansa na nan birjik, sai dai tunda Bajaj ne ya zuba kuɗin ceton, ina lura da farashinsu tun daga lokacin.