Asabar: ɗan wane gida ne kai?

Sai wajen ƙarfe tara na dare wuta ta dawo, shi ya sa sai yanzu na samu zama in rubuta. Zafin yau bai bar kowa ya runtsa da rana ba. Da safe na buɗe shago kusa da babbar kasuwa, na gyara wayoyi biyu, ɗaya gilashi ɗaya wurin sharji, na samu jaka uku na rufe. Abin da ya tsaya mini a rai bayan la'asar ya faru.

Ɗan yayata ne ya biyo ni gida a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Shekararsa 14, kuma ya fi wata biyu yana roƙona in bar shi ya taɓa wasan Skyrim a tsohuwar kwamfutata. Yau babu lakwal, babu kuma wuta, batirin minti arba'in yake ɗauka in an yi sa'a. Na ce masa to, amma ya san lokacinsa ƙidayayye ne.

Wasan tun 2011 kamfanin Bethesda ya fitar da shi. Ana farawa kana cikin keken doki, hannuwa a ɗaure, ana kai ku wani gari Helgen za a sare muku kai. Sojan da ke riƙe da takarda ya duba bai ga sunanka ba, sai ya tambaye ka wane ne kai. Nan ake buɗe maka jinsi goma ka zaɓa. Ni na ɗauka yaron zai danna na farko ya ruga wurin dodo da takobi. Ina! Nan ya yi zaune dirshan. Yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana karanta Faransancin a hankali da yatsa a kan gilashi.

"Kawu, wanne ya fi ƙarfi?"

Na ce kowa da irin tasa baiwar. Nord, mutanen ƙasar ƙanƙara, sanyi rabin cutarwa yake yi musu. Argonian masu siffar ƙadangare suna numfashi a cikin ruwa. Khajiit masu siffar kyanwa suna gani cikin duhu. Yana gyaɗa kai har ya iso kan Redguard, baƙaƙen mutanen Hammerfell, ƙasar da hamadar Alik'r take. Sai ya yi shiru, ya matso da fuskarsa.

"Kawu, wannan namu ne."

Ban ko kai ga gaya masa cewa dafi ba ya kama su sosai ba, bai kuma tambaya ba. Ya shiga gyaran hanci, ya rage faɗin goshi, ya ƙara duhun fata har sau uku. Da ya gano akwai wurin sa tabo a fuska sai ya fara neman wanda ya yi kama da askar Gobirawa da ke kumatun kakarsa ta wajen uba, ƴar Tibiri. Babu irinta, ya ɗauki wanda ya fi kusa. Yana cikin rubuta suna kwamfutar ta yi ƙara ta mutu. Ko takobi bai riƙe ba. Na zaci zai ɓata rai, sai na ga ya yago takarda daga littafinsa yana rubuta abin da ya zaɓa, hanci na nawa, ido na nawa, don kada ya manta gobe.

Bayan isha'i na kai labarin fada, wurin hirarmu, shayi na kan gawayi. Mu uku ne masu irin waɗannan wasanni, sauran ƙwallo kawai suka sani. Ɗalibin cikinmu, wanda ke jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ya ce yaron ɓata batir ya yi. Shi mutum ne na lissafi. Jinsin Breton yake ɗauka kullum saboda kashi 25 cikin ɗari na sihiri ba ya kama su, sauran duk kwalliya ce a wurinsa. Ban ce ya yi kuskure ba. Akwai daɗi a zauna a auna, a gina mutum tun daga tushe yadda zai dace da irin faɗan da kake so, kamar yadda manomi ke zaɓen iri gwargwadon ƙasar gonarsa.

Amma maganar mai kabu-kabun cikinmu ce ta fi shiga ta. Shi bai taɓa yin wasan da wani jinsi ba sai Khajiit. Kakansa bafatake ne, da jakuna ya yi ta bin hanyar Katsina da Kano, kuma a cikin wasan Khajiit su ne fatake. Ayarinsu a bakin ganuwa yake kafa tanti, don mutanen birni na yi musu kallon ɓarayi, ba a barinsu su shiga. To abin da ke ci masa rai, in ji shi, shi ne nasa Khajiit ɗin yana zuwa ƙofar birni ya wuce abinsa, babu dogarin da zai tare shi ya ce irinku ba sa shiga nan. Ya ajiye kofi ya ce, "Wallahi so nake a tare ni. In ba a tare ni ba, ashe riga kawai na sa."

Mutum ne da ke yini a titi ana tsayar da shi, ga shi yana neman a tsayar da shi a cikin wasa. Na fahimce shi sarai. Wanda ya zaɓi asali so yake duniyar ta san da zaɓin. A birnin Windhelm na cikin wasan an ware wa jinsin Dunmer unguwa guda, Argonian kuma an bar su a bakin tashar jiragen ruwa bayan ganuwa, kana ganin hakan da idonka. In kai ɗayansu ne kuma kowa ya yi maka magana kamar kowa, sai ka ji an yi maka alkawari an saɓa.

Ni ban ce komai ba sai a shayi na biyu. Wasan da ya riƙe ni shi ne Dragon Age: Origins na 2009. Shi asali shida yake ba ka, kuma kowanne da nasa mafarin labari, kana yin wasa a cikin gidanku tukuna kafin babban labari ya ɗauke ka. Za ka iya zama ɗan sarauta, ko almajirin sihiri da aka tsare a hasumiya, ko ɗan unguwar talakawa da aka killace a birni. Ni na ɗauki wada marar aji na birnin Orzammar da ke ƙarƙashin dutse. A can kowa gadon ajinsa yake yi, namiji na uba, mace na uwa: sarakuna, mayaƙa, maƙera, masu haƙar ma'adinai, ƴan kasuwa, barori. Wanda ba shi da aji, tambari ake yi masa a fuska tun yana jariri. Akwai wurin da kake sa sulken wani mayaƙi ka shiga fagen gasa da fuska a rufe, ka kayar da manyan gwanaye jama'a na sowa, sai fuskarka ta bayyana. Nan take sowar ta koma tofin Allah tsine.

Ranar da na fara kai wa nan na rufe kwamfutar na fita waje na daɗe. Ni ɗan mahauta ne. Babana ya fi shekara talatin yana fiɗar jar akuya, fatunta na tafiya wurin majema, da wuƙar nan ya biya mini karatu. Shekara uku da suka wuce manyana sun je nema mini aure a wani gida. An karɓe su da fara'a, an kawo ruwa, har wani dattijo ya tambaya ɗan wane gida ne. Da aka faɗa sai aka ce a ba su lokaci su yi shawara. Har yau shawarar ake yi. Ba wanda ya ce ba na salla, ba wanda ya ce ba ni da sana'a.

Ɗalibin ya tambaye ni, cikin natsuwa, me ya sa zan zaɓi abin da ya yi mini ciwo alhali ga ɗan sarki a jere. Na ce na yi ɗan sarkin ma, kuma na ƙaru, don na ga birnin nan daga sama, na ga yadda wanda aka haifa a fada ba ya ko lura da ƙurar da ke ƙasa. Amma wadan nan ni na miƙa hannu na ɗauke shi. A Maraɗi ba wanda ya tambaye ni kafin a haife ni. A can kuwa an tambaye ni, na amsa da bakina, kuma bayan tafiya mai nisa labarin ya komo da ni Orzammar ina jarumin da sarakuna ke neman goyon bayansa, tambarin na nan a fuskata, ƴar'uwata ta gane ni, waɗanda suka tofa mini yawu su ma sun gane ni. Wasan bai manta daga inda na fito ba, kuma bai ce nan zan tsaya ba.

Ɗalibin ne ya ba mu tarihi. Duk wannan daga Dungeons & Dragons ya samo tushe, wasan tebur da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. A littattafan wasan na 2024 an sauya kalmar da ake kiran jinsi da ita, kuma ƙarin ƙarfi ko basira ya tashi daga jini ya koma kan irin rayuwar da mutum ya taso a ciki. Baldur's Gate 3 na 2023, wanda kwamfutocinmu ba za su iya ɗauka ba sai dai mu kalla a YouTube, yana da jinsi 11, kuma kowa kai kake sa masa ƙarin makinsa inda ka so. Wannan ya yi mini daidai. Na gaji da jin cewa hali a jini yake. Abin da ba na so a cire shi ne kallon da mutane ke yi maka a bakin ƙofa, don shi gaskiya ne, kuma shi ke sa nasara ta yi nauyi.

Muka watse wajen sha ɗaya saura. Na tarar Inna ba ta yi barci ba, tana fifita a tsakar gida. Ta miƙo mini takardar yaron, ashe ya manta ta a kan tabarma. A ƙasan lambobin hanci da ido ya rubuta sunan da yake shirin sa wa mutumin nasa, sunan babana ne. Na sa kwamfutar a sharji, na ɗora takardar a kanta. Ya ce da hantsi zai zo.