Ekstenshan ɗin da ba rubutu a jikinsa, yadda nake gane girman wayarsa

Ina da ɗan shagon kayan wuta, da yara masu tayani wayarin ɗin gidaje, kuma kusan kullum sai wani ya shigo da ekstenshan a leda yana tambaya, oga wannan zai ɗau dutsen guga? Ka juya kebul ɗin tun daga filogi har soket babu ko harafi ɗaya. Na kirki irin na su Coleman ko Cutix za ka ga an buga suna da girman wayar ciki a jikin robar, 1.5 ko 2.5 a murabba'in milimita, to wanda aka ƙi rubuta komai a jikinsa tun daga nan nake ɗar-ɗar da shi.

Kaurin roba dai kar ya ruɗe ka, don masu haɗa na bogi sun san da ido mutane ke saye, sai su zuba roba mai kauri kamar yatsa, wayar ciki kuwa 'yar siririya.

Ni abin da nake yi, bayan an zare daga wuta, na kwance filogin in mai noti ne, in kuma narkakke ne sai na nemi izinin mai shi na yanke bakin, tunda sabon filogi ba tsada. Na fere waya ɗaya na baza silin a kan farar takarda na ƙirga, sannan na sa maikromita, wato abin awon kauri, na auna sili ɗaya. Sili 24 mai kaurin milimita 0.20 shi ne 0.75, ƙarfin wutar da zai iya ɗauka amp 6 ne kawai. Sili 32 na 0.20 shi ne 1.0, amp 10. In ka samu 30 na 0.25 to 1.5 kenan, 50 na 0.25 kuma 2.5. Yarana duk sai da suka haddace wannan kafin na bar su su taɓa aikin kowa. Wanda ba shi da abin awo ya samu guntun waya mai rubutu ya fere su biyu ya jera, wallahi ido ma zai nuna masa.

Amma ƙirga kaɗai ba ta gama magana ba, saboda yanzu kasuwa cike take da wayar da alminiyam ne a ciki aka shafa mata kofa, wato jan ƙarfe, a sama, kala ɗaya sak da ta gaske. Kankare sili ɗaya da reza, in fari ya leƙo to ka gano ta. Ko ka kunna laita a ƙarƙashin silin, kofa zalla ja zai yi ya tsaya, na alminiyam nan take zai lanƙwashe ya zube. Akwai ma wadda mayen ƙarfe ke kamawa, wannan kam ba na yarda ta kwana a shagona. Alminiyam bai kai kofa ɗaukar wuta ba, ko biyu bisa uku bai cika ba, ga saurin karyewa a bakin noti, daga nan sai zafi sai warin roba.

Na gwanjo da ke zuwa daga Amurka lambarsu daban ce, AWG, kuma a juye take, 18 ta fi 14 siranta. 16 ɗinsu kusan 1.3 ne a namu.

Abin da ke ci min rai shi ne ɗakin kwana da ɗakunan ɗalibai. Ketil mai wat 2000 kusan amp 9 yake ja a wutarmu ta 230, a jona shi a wayar 0.75 da aka bi da ita ƙarƙashin kafet ko bayan katifa, fis ɗin filogi na amp 13 ko gezau ba zai yi ba, wayar ce za ta yi ta dahuwa har robar ta narke, ga yara a ɗakin. Shi ya sa duk wanda na auna na ga bai kai 1.5 ba nake cewa mai shi Alhaji ka bar shi a caji da fanka da talabijin, guga da hita da firji kuma ka bari na haɗa maka wani da 2.5 kofa zalla mai waya uku har da ta at, wato ta ƙasa. In mai nadi ne a kan ganga, a warware shi gaba ɗaya kafin a ɗora masa kaya mai nauyi, a nannaɗe zafin ba shi da hanyar fita.