Asabar a garin masu dakan ruwa

Asabar da dare, Buriram.

Ƙafafuna ciwo suke, muryata ta dishe, ga kuma wata shuɗiyar riga rataye a bayan kujera wadda da safe na rantse ba zan saya ba. Bari in rubuta tun barci bai sace ni ba.

Jirgin ƙasan da muka hau daga Bankok jiya da dare ya sauke mu a tashar Buriram gari bai gama wayewa ba. Tafiyar kusan kilomita 400 ce zuwa arewa maso gabas, yankin da suke kira Isan. Na yi asuba a gefen dandamalin tashar, mutumin da ya jawo ni nan yana tsaye yana gadin jakata. Shekara shida ke nan yana ɗaure mini dilolin kaya a kasuwar Pratunam ta Bankok duk zuwan da na yi sari. Ya girme ni, shi ya sa nake ce masa Pi, wato yaya a harshensu. Shi kuma Haji yake ce mini, tun kafin Allah Ya kira ni Makka. Kullum ƙorafinsa ɗaya: "Haji, daga kasuwa sai masauki, daga masauki sai filin jirgi. Ba ka ga Tailan ba." A wannan karon masu ɗaukar kayana suka ɗaga loda zuwa Litinin, hujjata ta ƙare.

Bayan tashar akwai jerin masu suyar ƙwallayen nama a tsinke, luk chin suke ce masa, kuma a tsaye ake ci, kowa na tsoma nasa a tukunyar yaji. Pi ya ce abin alfaharin garin ne. Na tambayi naman mene ne, ya sosa ƙeya, na gane amsar. Na nemi shinkafa mai danƙo da dafaffen ƙwai da ayaba, na zauna gefe ina kallon mutane. A nan na fara lura da rigar. Tsohuwar da ke shara tana sanye da ita. 'Yan acaɓa biyu, mai sayar da ƙanƙara, wata yarinya da ba ta fi shekara huɗu ba, duk shuɗi mai duhu da tambari ɗaya a ƙirji. Ashe rigar ƙungiyar ƙwallon ƙafar garin ce, Buriram United. Na ce ai don yau ranar wasa ce. Pi ya ce in dawo ranar Talata in gani.

Surukinsa ya ɗauke mu a a-kori-kura zuwa ƙauyensu. Gonakin shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya, irin mai ƙamshin nan da suke kira hom mali. Mahaifiyarsa ta tarbe mu a kan gadon gora ƙarƙashin gida, tsohuwa ce tukuf, ta haɗa tafin hannu ta gaishe ni, na rusuna. Ita ce ta ba ni maganar da na wuni ina juyawa a raina. Ta ce, Pi yana fassara, a da in ka ce daga Buriram kake sai mutanen birni su yi dariya su ce "Buriram tam nam kin", wai mutanen Buriram dakan ruwa suke kafin su sha. Fari kan yi tsanani har a debo taɓo daga gindin tafki a daka a tace. Alhali sunan garin ma'anarsa birnin farin ciki. Pi ya ce shekarunsa na farko a Bankok in aka tambaye shi garinsu sai ya ambaci Korat, babban birnin da ke maƙwabtaka da su, don ita aka fi sani kuma ba a yi mata wannan gorin. Ban ce komai ba. Na san ɗan ci-rani da ke ɓoye sunan ƙauyensu, ba sai an yi mini bayani ba.

Daga can muka hau dutsen Phanom Rung. Tsohon dutse ne mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa, a kansa mutanen daular Khmer suka gina wurin bautarsu da jan dutse tsakanin ƙarni na 10 da na 13. Matakalar ta kusa kashe ni. Da muka kai sama ina haki, Pi ya ja ƙirjin rigarsa ya ɗora kusa da hasumiyar ya ce in duba. Ita ce a jikin tambarin, ga kuma zanen walƙiya. Laƙabin ƙungiyar ke nan, Prasat Sai Fa, fadar aradu. Fadar tasu ce tun kaka da kakanni. Aradun kuwa sayo ta aka yi.

Na ce kamar yaya sayowa? Muka zauna a inuwa ya warware mini. Asalin ƙungiyar ba ta Buriram ba ce. A 1970 aka kafa ta a matsayin ƙungiyar ma'aikatan hukumar wutar lantarki ta larduna, PEA, kamar dai yadda NEPA ta taɓa riƙe tata ƙungiyar a Legas. Ta yi shekaru tana lallaɓawa, sai a 2008 ta ba kowa mamaki ta ɗauki kofin lig na ƙasa, lokacin tana wasanninta na gida a Ayutthaya. A ƙarshen 2009 wani ɗan siyasar Buriram, Newin Chidchob, ya shiga cikinta da kuɗinsa, ya tattara ta ya kawo garinsu, ta fara kakar 2010 da sunan Buriram PEA. A 2012 aka goge sunan hukumar, ta zama Buriram United. Walƙiyar jikin tambari ita kaɗai ta rage daga masu lantarki.

Kan wannan Newin ɗin muka yi ta ja-in-ja a mota har muka dawo gari. Yana cikin mutum 111 na jam'iyyar Thai Rak Thai da kotu ta haramta wa siyasa na shekara biyar a 2007. Mahaifinsa, Chai Chidchob, ya riƙe shugabancin majalisar wakilai. Newin ɗin ne kuma ya juya wa ɓangaren Thaksin, tsohon firaminista kuma jagoran Thai Rak Thai, baya a ƙarshen 2008 har gwamnati ta koma hannun jagoran 'yan adawa Abhisit. Na ce wa Pi, to ai ga shi nan, an rufe masa ƙofa ya shigo ta taga. Kuma ko makaho ya shafa ya san launin Bhumjaithai, jam'iyyar mutanen Newin, da launin rigar nan ɗaya ne. Surukin, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya yi magana da ƙarfi har yana dukan sitiyari. Pi ya fassara a taƙaice: wai 'yan siyasa nawa ne suka sami kuɗi a Isan suka kwashe suka kai Bankok? Wannan ko don kansa ya yi, a nan ya zuba. Na yi shiru, ba don na gamsu ba, don dai a motarsa nake.

Wajen la'asar muka isa filin. Na haɗa azahar da la'asar ƙasaru a kan ciyawa bayan wurin ajiye motoci, wasu yara suka tsaya nesa suna kallo cikin ladabi har na sallame.

Sunan filin Chang Arena. Chang a harshensu giwa ke nan, amma abin da kamfanin ya shahara da shi giya ce. Harafi ɗaya ne tsakani a Hausa, na yi ta dariya ni kaɗai, na rasa yadda zan fassara wa Pi. Yana ɗaukar mutum 32,600, an buɗe shi a 2011, kuma cikin kwana 256 aka gina shi. Wannan lambar kowa a garin ya haddace ta kamar ranar haihuwarsa, mutum uku daban-daban suka faɗa mini ita yau. Babu hanyar tsere a tsakanin 'yan kallo da fili, kujerun gaba suna dab da layi, kana jin numfashin mai jefa ƙwallo. A bayansa kuma akwai filin tseren motoci da aka buɗe a 2014, inda ake gasar baburan MotoGP tun 2018. Garin da ake yi wa gorin taɓo.

Shagon riguna ya fi wasu manyan kantunan Bankok cika. A nan idon ɗan kasuwa ya buɗe. Na juya rigar, na duba ɗinki, na murza yadin, na tambayi kuɗi: bai kai baht dubu ɗaya na kuɗinsu ba, kuma ta asali ce. Na fahimci dabarar nan take. Sun sauke farashi har inda manomi zai iya sayen ta gaske, mai jabu ya rasa kasuwa, riba ta fito daga yawa. Shekara ashirin ina sayar da tufafi, na san mai hankali in na ga aikinsa. Na sayi ɗaya. Wai don ɗana.

Muna neman kujerunmu wani dattijo ya hango ni, ya miƙe ya ɗaga hannu biyu yana ihu: "Acheampong! Ohandza!" Mutane suka juyo suna dariya. Da farko na ɗan tsargu, na ɗauka irin tsokanar da baƙar fata kan sha ce a wasu wurare. Ashe karramawa ce. Ya matsa ya ba ni wuri, ya buɗe wayarsa yana nuna mini tsofaffin hotuna. Frank Acheampong ɗan Gana ne, ya taso daga King Faisal ta Kumasi, ya yi ta tsere da masu tsaron baya a gefen hagu a wannan filin kafin Anderlecht ta Beljiyam ta ɗauke shi a 2013. Franck Ohandza ɗan Kamaru ne, shi ya fi kowa cin ƙwallo a lig ɗin 2011, shekarar da ƙungiyar ta kwashe lig da kofin FA da kofin lig gaba ɗaya. Dattijon ya tambayi ƙasata. Na ce Najeriya. Ya ce "Okocha", ya miƙo mini gyaɗa dafaffiya.

Shi ya zama malamina har aka tashi, Pi yana tsakiya yana fama da fassara. A 2013 sun gama lig ba a doke su ko sau ɗaya ba, suka kuma kai zagayen 'yan takwas a gasar zakarun Asiya, inda Esteghlal ta Iran ta fitar da su. A 2015 suka sake gama lig ba a doke su ba, ɗan Brazil Diogo yana zura ƙwallaye kamar an aiko shi. Ya nuna mini Theerathon Bunmathan, wanda ya je Japan ya ɗauki lig da Yokohama F. Marinos a 2019 ya dawo. Ya ba ni labarin Suphanat Mueanta da ya ci ƙwallo a gasar zakarun Asiya yana ɗan shekara 16. Da na tambaye shi babbar abokiyar gabarsu, ya tofar da ɓawon gyaɗa ya ce Muangthong, 'yan gefen Bankok. Yadda ya furta sunan ya ishe ni bayani: ƙauye ne da birni, kuma ƙauye ya daɗe yana rama gori.

Wasan kansa ba zan yi ƙarya ba, ba shi ne abin kallo ba. Baƙin sun zo ne su tare gida, masu gida suna ta zagaye su kamar kura da akuyar ɗaure, har ƙofa ta buɗe. Abin kallo yana bayan raga. Dubban mutane, ganguna, waƙa ɗaya na ƙarewa wata na tashi, hannuwa na ɗagawa tare suna sauka tare, minti casa'in ba hutu. Mata sun kusa kai maza yawa, ga jarirai, ga tsofaffi, babu mai jifa, babu mai zagin alƙalin wasa da uwarsa. Pi ya ce shekaru da dama matar Newin, Karuna, da kanta take tsayawa gaban masu waƙar tana ba da amo. Na tuna ranakun da filin Sani Abacha ke cika ana "Sai Masu Gida", na ji kewar gida ta taso mini, tare da wani abu mai kama da kishi. Lokacin da ƙwallo ta shiga ban san sadda na miƙe ba. Nan muryar ta tafi.

A hanyar fita na sake tayar da maganar, don ni ba na iya haɗiye abu. Na ce, Pi, kofin lig 11 zuwa 2025 in an haɗa da na masu lantarki, huɗu na ƙarshe a jere. Wannan gasa ce ko sarauta? Ya ce in tambayi wanda ya kwana da baƙin cikin 2019, ranar ƙarshe ta kaka, da suka yi canjaras da Chiangmai, Chiangrai United ta kamo su a maki ta wuce da kofin. Ya ce kuma in ina son ganin Buriram a matsayin ƙaramar ƙungiya in tuna Afrilun 2025 a Jidda, da Al-Ahli mai Mahrez da Firmino ta ba su uku ba ko ɗaya. Kowane gauta ja ne, in ji shi da nasa salon, sai dai in bai sha rana ba. Su manya ne a gida, yara ne a gaban kuɗin Larabawa.

Na ce to, tambayar da ta fi damuna: duk wannan a wuyan mutum ɗaya yake rataye. An ɗauko ƙungiyar nan daga Ayutthaya an bar masoyanta na can da hannu a ka. Ranar da mai ita ya gaji, ko ƙasa ta rufe masa ido, me zai hana wani mai kuɗin ya loda ta a mota ya kai nasa garin? Pi ya daɗe bai amsa ba. Muna tafe cikin cunkoson babura, kowanne ɗauke da mutum uku, duk shuɗi. Can ya ce, "Haji, ban sani ba. Amma yanzu in aka tambaye ni garinmu a Pratunam, ba na cewa Korat."

Na tura wa ɗana hoton rigar ta WhatsApp. Ya amso da cewa wace ƙungiya ce wannan, shi Barcelona ya ce in sayo masa. Na gwada ta ɗazu a gaban madubi, ta zauna mini daidai. Jirginmu na komawa ƙarfe tara na safe ne, Pi kuma ya ce sai mun biya mun yi wa tsohuwa sallama, ta ɗaura mini shinkafa a ƙunshi.