Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Likita Ta Ce Baba Ya Naɗe Wando

Makon jiya na tsaya a daren da na lura ƙafafun 'yata sun fara yin baka, tana da shekara 2 da 'yan watanni. Ban runtsa ba har asuba. Wannan bakan na san shi, da shi na tashi, da shi ƙannena mata biyu suka tashi.

Mu shida ne a ɗakin Inna, maza uku, mata uku. Mazan dogaye ne, ƙafa sambal. Mu matan gajeru, in muna tafiya muna rangaji, yaran unguwa na kiran mu agwagi. Gwaggo, yayar Baba, tun muna ƙanana ta yanke hukunci cewa laifin Inna ne. Yau ta ce ba ta iya goyo ba, gobe ta ce nononta ne ba kyau, jibi ta ce ta tsayar da mu tun ƙashi bai yi ƙwari ba. In wani ya ce ko gado ne, sai ta ce, “Gadon wa? Da na ɗan'uwana ne ai maza za su fara ɗauka.” Inna ba ta taɓa mayar mata da magana ba. Sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe.

An kai mu asibitin garinmu, aka ba mu ƙwayoyin kalsiyam da bitamin D. Ba na ganin laifinsu. A wajenmu yara da yawa masu baka rashin kalsiyam ne ke damun su, tuwo da koko ba madara, kuma wani bincike da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna kalsiyam ya fi gyara su a kan bitamin D shi kaɗai. 'Yar maƙwabtanmu ta sha ta miƙe. Mu muka yi ta sha, shiru.

Saboda haka da na kai 'yata babban asibiti ban sa rai da komai ba. Likitar ta duba ta, sannan ta ɗago ta ce, “Maman yarinya, tashi ki je bakin ƙofa ki dawo.” Na yi, kunya kamar in nutse. Ta tambaye ni ko dasashina yana yin ƙurji alhali haƙorin lafiya lau. Jikina ya yi sanyi, don haƙora huɗu aka cire mini a kan haka, ban kuma taɓa haɗa su da ƙafafuna ba.

Da sakamakon gwajin ya fito, kalsiyam ɗinmu daidai yake, ni da ita. Fosfet ne ya yi ƙasa a jini, yana zubewa ta fitsari. Ta ɗauki biro ta zana mini a bayan takarda. Ta ce ƙashi kamar gini ne, kalsiyam da fosfet tare suke ƙarfafa shi, in ɗaya ya yi kaɗan ginin zai lanƙwashe. Ƙashin da kansa yana fitar da wani homon, wato sinadarin da ke kai saƙo a jiki, mai suna FGF23, wanda ke umartar ƙoda ta zubar da fosfet, ya kuma rage bitamin D mai aiki a jiki. Ƙwayar gadon da ke ɗauke da tsarinsa tana kan kuromosom na 12 (kuromosom shi ne zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kansa), kuma sai a 2000 masana suka gano ta. A jikinmu ita lafiyarta ƙalau. Wata ce daban, PHEX, da ke kan kuromosom X, ta samu tangarɗa, sai homon ɗin ya yi yawa, ƙoda ta yi ta zubarwa dare da rana. Ciwon sunansa XLH, wato ƙarancin fosfet da ake gada ta kuromosom X, yana samun kamar mutum 1 cikin 20,000.

Sai ta ce in kawo mahaifina.

Baba mutum ne da ban taɓa ganin ƙwaurinsa ba. Kullum cikin babbar riga yake, gajere, yana tafiya a hankali, mu muna ɗauka dattako ne. Likitar ta ce, “Baba, don Allah a ɗan naɗe wandon.” Ya daɗe yana kallon ta kafin ya sunkuya. Da ya naɗe, ƙafafuna na gani, baka ɗaya, har inda gwiwa ta karkata.

Ta yi masa bayani a tsanake. Namiji X ɗaya gare shi, kuma 'ya'yansa mata duk ita suke karɓa, maza kuwa Y suke karɓa daga gare shi. Shi ya sa mu uku muka ɗauka, yayyenmu maza suka tsira. Ni kuma kowane ɗa na haifa, mace ko namiji, rabi da rabi ne. Baba bai ce uffan ba sai da muka shiga mota. Can ya ce, “Ashe shekara talatin ana zaluntar uwarku a gabana.”

An sa wa 'yata maganin fosfet sau huɗu a rana da kalsitiriyol, wato bitamin D mai aiki. Farko ya sa ta gudawa, kuma dole a riƙa hoton ƙodarta da gwajin jini, don maganin kansa yana iya tara kalsiyam a ƙoda. Akwai allurar burosumab da ke tare homon ɗin kai tsaye, an amince da ita a Amurka da Turai a 2018, amma kuɗinta ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba.

Da daddare Baba ya kira Inna, ya sa aka kira Gwaggo, ya faɗa musu da bakinsa. Inna tana zaune a bakin tabarma, ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Abin da Gwaggo ta ce, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.